Tambayoyi da Amsoshi Kan Rubuta Takardar Neman Kwangilar Shara da Goge-goge

Waɗannan tambayoyi su ne suka fi maimaituwa a bakin masu kamfanonin shara da goge-goge a Najeriya, musamman waɗanda suka saba karɓar aiki da baki, rana ɗaya manajan wani ofis ya ce musu, "A rubuto mana a takarda." Alƙaluman kuɗin da ke cikin misalai na gwaji ne, kowa ya sa farashin kasuwar garinsu.

1. Mece ce takardar tayi, kuma me ya raba ta da koteshin?

Koteshin farashi ne kawai: ga aiki, ga kuɗinsa, shafi ɗaya ya wadatar. Shi ake bai wa wanda ya gama gini yana so a kankare masa siminti da fenti kafin ya tare. Takardar tayi, wadda a ofisoshi ake kira furofozal, ta aikin da zai ɗore ce wata bayan wata: banki, asibiti, makaranta, otal, rukunin shaguna. Tana faɗin abin da za a share, sau nawa, mutum nawa, da wane kaya, a kan nawa, da abin da zai biyo baya idan wani ɓangare ya saɓa.

Akwai kuma takardar gabatar da kamfani, mai tarihin kafuwa da hoton shugaba. Wannan labarinka take bayarwa, takardar tayi kuwa zancen ginin mai ba da aiki take yi. Wanda ya tura ta farko a madadin ta biyu bai nemi aiki ba tukuna, gaisuwa kawai ya kai.

2. Dole ne sai na je na ga wurin kafin na rubuta?

Dole ne. Gani ya kori ji, kuma yawancin asarar da ake tafkawa a sana'ar nan ta waya take farawa. An ce maka "ɗan ofis ne, bene ɗaya," ranar fara aiki ka tarar da banɗaki goma sha biyu da farfajiya cike da darbejiya mai zubar da ganye kullum. Ka je da tef ɗin awo da littafi, ka nemi izini kafin ka ɗauki hoto. Auna tsawo da faɗin kowane ɗaki da baranda, ka fitar da murabba'in mita. Rubuta irin daɓen kowane wuri, tayil ne, tarazo, mabul, kafet ko siminti zalla, domin kowanne da maganinsa da lokacin da yake ci. Ƙirga banɗakuna, tagogi, fankoki, matakala da kwandunan shara. Ɗaga kai ka dubi gilasan waje: abin da tsani ba zai kai ba aiki ne daban, farashinsa daban.

Sai abubuwan da tef ba ya aunawa. Mutum nawa ke shiga ginin a rana? Daga ina ruwa ke zuwa, kuma in ya ɗauke wa zai biya 'yan garuwa? Akwai wuta a lokacin da za a kunna inji, ko sai an tada janareta? Akwai sito mai kwaɗo da za a ajiye kaya? Wa ke kwashe shara daga harabar? Akwai masallaci da wurin alwala? Wannan na ƙarshe an fi mantawa da shi, alhali wurin alwala da banɗakin da ake shiga da buta jiƙewa suke yi bayan Azahar da La'asar, wankin safe kaɗai ba ya kai su ƙarfe uku.

Kafin ka fito ka tambayi wanda ya zagaya da kai: "Ranka ya daɗe, me ya fi damun ku da sharar da ake yi yanzu?" Amsarsa ce za ta buɗe takardarka (duba tambaya ta 5).

3. Waɗanne sassa takardar za ta ƙunsa, kuma shafi nawa?

Ga ofis matsakaici shafi biyar zuwa takwas sun isa. Wasiƙar gabatarwa a gaba, a kan takarda mai tambarin kamfani, da kwanan wata da sa hannu. Sai taƙaitaccen bayanin abin da ka gani da abin da za ka yi, jadawalin aiki, abin da ba ya cikin aikin, ma'aikata da lokutansu, kayan aiki da magunguna, yadda za a duba inganci, farashi, sharuɗɗa. Bayanin kamfani da kwafin takardun rajista su koma ƙarshe a matsayin rataye.

Shafi biyu ake karantawa da gaske: na farko da na farashi. Sauran sai rigima ta taso ake buɗe su, kuma a ranar ne za ka gode wa Allah da ka rubuta su dalla-dalla.

4. Da Hausa zan rubuta ko da Turanci?

Da harshen da mai biyan kuɗin yake ajiye takardunsa. Banki, ma'aikatar gwamnati da ƙungiyoyin agaji Turanci suke so, a Nijar kuma yawanci Faransanci. Kwamitin masallaci, makarantar Islamiyya ko shugabannin kasuwa, Hausa ta fi shiga. Amma jadawalin aikin da za a manna a bayan ƙofar banɗaki, a fassara shi zuwa harshen da mai riƙe da mofa yake karantawa.

5. Me zan rubuta a shafin farko?

Matsalarsu, da adadi. Yawancin takardu da "Mu kamfani ne da ya yi fice wajen tsafta" suke farawa, kuma manajan ya karanta irin wannan har ya gaji. Gwada haka: "A ziyarar da muka kawo ranar Talata mun ga banɗakunan ƙasa guda huɗu su ne baƙi suka fi amfani da su, kuma sau ɗaya ake wanke su a rana. Za mu wanke su sau uku, ƙarfe 7, ƙarfe 11 da bayan Azahar, tare da takardar sa hannu a bayan kowace ƙofa." Wanda ya karanta wannan ya san ka taka ƙafarka wurin.

Rubuta sunan ofishin da muƙamin wanda za ka miƙa wa daidai. Idan tsohuwar takarda ka kwafa, bi ta layi-layi, domin barin sunan wani kamfani a shafi na huɗu yana kashe tayi nan take. Kada kuma ka zagi wanda ke riƙe da aikin yanzu. Mai yiwuwa wanda zai karanta takardarka shi ya kawo shi.

6. Yaya ake rubuta jadawalin aiki?

A tebur mai layi uku: wuri, aiki, sau nawa. Kalmomi irin su "a kai a kai", "idan da buƙata" da "tsaftace ko'ina" kada su shigo, domin kai da mai ba da aiki kowa zai fassara su yadda ya fi masa. Maimakon "tsaftace banɗaki", rubuta: wanke masai ciki da waje, wanke wurin wanke hannu da kan famfo, goge madubi, goge mariƙin ƙofa da maganin kashe ƙwayoyin cuta, tsane daɓe, zuba sabulu, juye kwando, sau uku a rana, Litinin zuwa Juma'a.

Raba ayyukan gida huɗu. Na kullum: shara, mofin, goge tebura, banɗaki, kwanduna. Na mako-mako: cire yana, goge fanka da tagogin ciki, wanke kwanduna. Na wata-wata: wanke daɓe da inji, gilasan waje, share kwata. Na bayan wata uku ko shida: wanke kafet da kujeru, goge tarazo da inji har ya yi sheƙi.

Yanayi ma ya shiga jadawali. A Arewa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu kan rufe teburin da aka goge da safe kafin azahar, don haka ko ka sa zagaye na biyu a watannin nan, ko ka faɗa a rubuce cewa sau ɗaya ne. Da damina aikin ya koma ƙofar shiga da matakala saboda taɓo, kwata kuma a share ta kafin ruwan farko. Idan aikin ya haɗa da Asabar, tuna cewa jihohi irin su Kano suna taƙaita zirga-zirga da safiyar Asabar ɗin ƙarshen wata don tsaftar muhalli. Haka lokutan aiki a watan azumi da ranakun Sallah, a daidaita su tun a takarda.

7. Me ya sa zan rubuta abin da ba zan yi ba? Ba zai rage min kwarjini ba?

Ba zai rage ba, kuma rashinsa ne ke cinye riba. Duk abin da takarda ta yi shiru a kansa, kyauta za a nema. Cikin wata biyu za ka iske ma'aikacinka yana wanke motar oga, ana aikensa sayo abinci, yana ɗaukar kujerun taro, banɗaki kuma na jiransa. Rubuta a fili cewa farashin bai haɗa da feshin maganin ƙwari, yashe sokawe, wanke tankin ruwa, yankan ciyawa, kwashe ɓaraguzan gini, gyaran wuri bayan taro, wankin mota da aike ba. Waɗanda kake iya yi a cikinsu, ba su tebur nasu da farashin kowanne, a riƙa neman su a rubuce.

8. Ta yaya zan san ma'aikata nawa aikin yake buƙata?

Da agogo. Gwada ma'aikatanka a aikin da kake da shi yanzu, ka ga minti nawa banɗaki ɗaya ke ci, murabba'in mita nawa mutum ɗaya ke sharewa ya goge a awa. A ce gwajinka ya ba ka minti 10 kan banɗaki, da murabba'in mita 200 a awa a ofis mai tebura. Gini mai murabba'in mita 1,200 zai ci awa 6. Banɗaki 8 sau uku a rana minti 240 ne, awa 4 ke nan. Ƙara awa 3 na farfajiya da kwashe shara, jimla awa 13.

A lissafi mutum biyu sun isa, amma a nan ake faɗawa rami. Idan an ce a gama ofisoshi tsakanin ƙarfe 6 da 8 na safe kafin ma'aikata su iso, aikin awa 6 ne za a matse cikin awa 2, mutum uku ke nan a kan daɓe, na huɗu a banɗaki. Sannan banɗakin mata mace yake buƙata, mutum huɗu kuma suna buƙatar mai duba su. Rubuta adadin, maza da mata, da lokacin shiga da tashin kowa, da wanda zai maye gurbi idan wani bai zo ba.

9. Yaya ake fitar da farashi?

Daga albashi ake farawa a hau sama, ba daga jita-jitar abin da wani ya karɓa ba. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun Yulin 2024. Dokar ta keɓe wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, amma manyan masu ba da aiki kan tambayi abin da kake biya, kuma wanda ake biya ƙasa da kuɗin motarsa ba ya daɗewa. Dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki kashi 10 cikin 100, ma'aikaci kashi 8, kuma wajibi ce ga mai ma'aikata 15 zuwa sama. Asusun NSITF na diyyar rauni a wurin aiki kashi 1 ne na jimlar albashi. Dokar ƙwadago ta ba ma'aikaci hutun aƙalla kwana shida na aiki bayan shekara, da kwanakin jinya har 12, kuma a ranakun nan wani za ka biya ya riƙe tsintsiya.

Mu ɗauki ginin tambaya ta 8. Ma'aikata huɗu 280,000, sufabaiza 100,000, jimla 380,000. Fansho 38,000. NSITF 3,800. Tanadin mai maye gurbi 32,000. Sabulu, magunguna, ledar shara da kan mofa 60,000. Yunifom, safar hannu da takalmin roba, an raba kuɗinsu a kan watanni, 15,000. Injin wanke daɓe na 600,000 da kake sa ran zai yi shekara biyu, 25,000 a wata. Kuɗin mota, waya da rabon wannan aiki daga hayar ofishinka 45,000. Jimla 598,800, a ce 600,000. Har yanzu ba ka ci kwabo ba.

Wajen riba ake yin wani kuskuren. Idan ka ɗora kashi 20 a kan 600,000 za ka sami 720,000, ribar 120,000 kuwa kashi 16.7 ce kawai ta abin da aka biya ka. In kana son kashi 20 na farashin ya zama naka, raba 600,000 da 0.8, ka sami 750,000. A takardar ba sai ka baje duk wannan ba: layi huɗu sun isa, ma'aikata, kayan aiki, injuna, kuɗin gudanarwa, sai jimlar wata da ta shekara, da lamba da kuma kalmomi.

10. Harajin VAT fa, a ciki yake ko a waje?

Ko wanne ka zaɓa, faɗe shi a layinsa. VAT kashi 7.5 ne tun Fabrairun 2020. A kan 750,000 ya kama 56,250, jimla 806,250. Idan ka rubuta 750,000 ka yi shiru, akanta zai ɗauka harajin na ciki, daga ribarka zai fita. Ƙananan kamfanoni suna da sassauci a doka, sababbin dokokin harajin da suka fara aiki a Janairun 2026 kuma sun taɓa wannan fanni, don haka tabbatar da matsayin kamfaninka a ofishin haraji kafin ka buga farashi.

Akwai kuma harajin da mai ba da aiki ke cirewa tun kafin kuɗin su iso hannunka. Ba asara ba ce, ajiya ce a kan harajin kamfaninka na shekara, amma sai an biya shi da lambarka ta mai biyan haraji, wato TIN, an ba ka shaida. Sa wannan a sharuɗɗa, ka kuma tuna abin da zai faɗo asusunka bai kai abin da ke kan takardar neman biya ba.

11. Wa ke sayen tishu da sabulun wanke hannu? Sai na lissafa magungunan da zan yi amfani da su?

Raba kaya gida biyu. Abin da ma'aikatanka ke aiki da shi, omo, bilic, buroshi, mofa, bokiti, kai ke iya ƙayyade shi, don haka ya shiga farashi. Abin da jama'ar ginin ke cinyewa, tishu, sabulun hannu, turaren fesawa, ba ka da iko a kansa. Ko dai su saya, ko ka rubuta adadi, misali katan biyu a wata, abin da ya haura a biya daban.

Lissafa magunguna da wurin da kowanne zai taɓa, domin nan ake gane wanda ya san aiki. Maganin wanke masai mai asid yana cin mabul da tarazo, ya bar tabon da ba ya fita. Haɗa shi da bilic yana fitar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi, a ƙaramin banɗaki kuwa tana iya kai mutum asibiti. Nuna kuma cewa tsumma da mofa suna da launi: ja na banɗaki, shuɗi na ofis, kore na kicin, ta yadda tsumman masai ba zai hau teburin cin abinci ba.

12. Takardar asibiti ta bambanta da ta ofis?

Sosai. Asibiti ba ya rufewa, don haka lissafin tambaya ta 8 zai koma na masu karɓa-karɓa dare da rana, har Asabar, Lahadi da ranar Sallah. Raba ginin gwargwadon haɗari: ɗakin tiyata, ɗakin haihuwa da ɗakin gwaji daban, ɗakunan kwanciya daban, ofisoshi daban, kowanne da kayansa da ba sa ƙetarawa.

Rubuta ma'aunin sirki da lamba. Ruwan kulorin mai ƙarfin kashi 0.1 ake goge wurare da shi, mai kashi 0.5 kuma na inda jini ko ruwan jiki ya zuba. Idan bilic ɗin da ka saya mai kashi 3.5 ne, kofi ɗaya a kofi 6 na ruwa ya ba da 0.5, kofi ɗaya a kofi 34 ya ba da 0.1. A haɗa sabo kullum, domin na jiya ya rasa ƙarfi, kuma a fara wankewa da sabulu kafin a sa shi. Shara ma a rabe take: baƙar leda ta gama-gari, rawaya ta mai ɗauke da cuta, allura da reza a akwatinsu na musamman. Fayyace inda aikinka ya tsaya, a bakin ma'ajiyar shara ko har wurin ƙonawa, ka kuma faɗi ko an yi wa ma'aikatanka rigakafin ciwon hanta nau'in B.

13. Waɗanne takardun rajista ake nema?

Na farko shaidar rajista da hukumar rajistar kamfanoni, CAC. Sunan kasuwanci ya isa ga ƙananan ayyuka, manyan wurare kuwa sun fi son cikakken kamfani. Sai lambar TIN, da asusun banki da sunan kamfani, ba naka na kanka ba, da takardar shaidar biyan haraji. Majalisar kula da lafiyar muhalli ta ƙasa, EHCON, wadda aka fi sani da tsohon sunanta EHORECON, ita ce ta jami'an duba-gari, tana kuma ba kamfanonin tsafta da na feshi lasisi, kuma tallan kwangilar shara na gwamnatin tarayya kan nemi shi. Idan za ka fitar da shara daga harabar da motarka, nemi izinin hukumar wurin: REMASAB a Kano, AEPB a Abuja, LAWMA a Legas. Kwafi ake ratayawa, na asali su zauna a hannunka.

14. Kwangilar gwamnati fa, tsarin ɗaya ne?

A'a. A nan ba kai ke tsara takarda ba, fom ɗinsu za ka cike yadda suka shimfiɗa. Ta tarayya tana ƙarƙashin dokar sayen kaya da ayyuka ta 2007 da hukumar BPP mai sa ido kan kwangilolin gwamnati, ana kuma tallata ta a jaridu da mujallar Federal Tenders Journal. Jihohi suna da nasu hukumomin, kamar KADPPA a Kaduna. Ban da abin da ke tambaya ta 13, akan nemi shaidar haraji ta shekara uku, takardun hukumar fansho PenCom, asusun horar da ma'aikata ITF da NSITF, shaidar shiga rumbun 'yan kwangila na BPP, rahoton binciken kuɗi, takardar rantsuwa daga kotu, wasiƙar banki, da shaidar irin aikin da ka taɓa yi. Yawancin takardun nan ranar 31 ga Disamba suke mutuwa, sabunta su kuma yana cin makonni. Ba a fafe gora ranar tafiya, a fara nemansu tun Janairu.

Bayanin aiki a ambulan ɗaya, farashi a wani, kowanne a manne da rubutun da tallan ya ce, sannan a sa su cikin babba. Farashi ya ɓulla a ambulan na farko, an fitar da kai. Ka makara da minti biyar, a rufe za a mayar maka. Ana fara tace takardu kafin a dubi kuɗi, don haka mai araha da ya rasa takarda ɗaya ba a ma buɗe farashinsa. Ranar buɗewa a bainar jama'a ake yi, ka je ko ka tura wakili ya rubuto farashin kowa.

15. Kamfanina sabo ne, me zan sa a wurin gogewa?

Gaskiya. Shagon magani ɗaya da gidaje uku da ka riƙe da kyau, da wasiƙar yabo da lambar wanda za a kira bayan ka nemi izininsa, sun fi jerin bankunan da ba ka taɓa shiga ba, domin ana kira a tambaya. Shekarun da sufabaizanka ya yi a wani wuri gogewa ce, rubuta su da sunansa. Hotuna su zama na aikinka, kafin da bayan, ba na intanet masu daɓen da babu irinsa a garin ba. Kana iya tayin gwajin wata ɗaya zuwa uku da kuɗi, kowa na da damar janyewa. Gwajin kyauta ya tsaya a banɗaki ɗaya ko ɗaki ɗaya.

16. Waɗanne sharuɗɗan biya zan sa?

Ranar miƙa takardar neman biya, da kwanakin da za a biya a ciki, 14 ko 30, da abin da zai faru in an wuce: misali bayan kwana 45 kana da damar dakatar da aiki da sanarwar mako ɗaya. Ma'aikatanka ba ruwansu da cewa fayil yana teburin akanta, ƙarshen wata albashi suke jira. Kada ka karɓi aikin da ba ka da kuɗin riƙe shi wata biyu zuwa uku daga aljihunka.

Rubuta cewa farashin tayin na kwana 30 ne. Sa sharaɗin sake duba farashi bayan shekara, ko da zarar gwamnati ta sauya mafi ƙarancin albashi. Waɗanda suka sa hannu a farashin shekara biyu kafin cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 ba tare da wannan layi ba sun ɗanɗana kuɗarsu. Sai tsawon kwangila, sanarwar kwana 30 kafin rabuwa, da hana ɗauke maka ma'aikaci kai tsaye har wani lokaci bayan an rabu.

17. Me zan ce game da sata, ɓarna da duba aiki?

Faɗe su kafin a tambaye ka, domin tsoron da ke ran mai ba da makullin ofishinsa ke nan. Kowane ma'aikaci yana da lambar NIN a fayil, da masu tsaya masa biyu da aka je aka ga gidajensu, da katin shaida da yunifom. Makullai ana karɓa ana mayarwa da sa hannu. Ɓarna a sanar cikin awa 24, kamfani ya biya abin da bincike ya tabbatar, har zuwa iyakar da ka rubuta ko abin da inshorarka ta ɗauka. Kada ka rubuta "za mu biya duk abin da ya ɓata", kowace wayar da aka manta a gida za ta dawo kanka.

Duba aiki kuma da lokaci: sufabaiza kullum, manaja mako-mako, zagaye tare da wakilinsu sau ɗaya a wata da takardar maki. Ƙorafi ta WhatsApp a amsa cikin awa ɗaya, a gyara kafin a tashi.

18. An ce farashina ya yi yawa. In rage?

Rage aiki tare da kuɗi, kada ka rage kuɗi kaɗai. Buɗe jadawalin tambaya ta 6 a gabansu: "Alhaji, in aka mayar da wankin banɗakin sama sau biyu, gilasan waje kuma duk wata uku, za a sauko zuwa kaza." Shi ya sa yake da kyau tun farko ka ba da zaɓi biyu ko uku, kowanne da jadawalinsa. Idan wani ya yi tayin da bai kai jimlar albashin mutum huɗu ba, ko mutum biyu zai kawo ko ba zai biya su ba. Nuna wannan lissafin cikin ladabi, ba tare da kiran suna ba. Abin da bai kai kuɗin da ka kashe ba, ka bar shi ya wuce.

19. Na miƙa takarda, shiru. Sai yaushe zan tuntuɓa?

Miƙa kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a ɗaya ka dawo da shi. In ta imel ce, tura ta a PDF don kada lambobi su motsa, sunan fayil ɗin kuma ya ɗauki sunan kamfaninka da na wurin. Tun a wurin miƙawa tambayi wanda zai yanke hukunci da ranar da za su zauna. Kira bayan kwana uku ka tabbatar ta isa teburin da ya dace, sannan bayan mako ɗaya ko biyu. Kiran kullum gundura yake yi. A kwangilar gwamnati kuwa bayan an rufe karɓa ba a bin jami'ai, sakamako ake jira.

Idan ba ka samu ba, tambayi dalili da watan da kwangilar wanda ya samu za ta ƙare, ka rubuta, ka dawo wata biyu kafin lokacin da sabon awo. Idan ka samu, kada ka kai ma'aikata sai an ba ka takardar ba da aiki, an kuma sa hannu a yarjejeniyar da ta rataya jadawalin aiki, jerin abin da ba ya ciki da shafin farashi. Ranar farko a zagaya tare da wakilinsu, a ɗauki hoton duk tayil ɗin da ya fashe da famfon da ke yoyo, kowa ya sa hannu.